Ranar da Baba Buroshi Ya Sa Bencinsa a Ruwa

Ga ta nan, ga ta nanku, ɗanya ce, ko bushewa ba ta yi ba.

Ta zo mu ji ta, mun gyara zama.

A wani layi mai shaguna a jere, tsakanin shagon tela da wani gareji, akwai wani tsohon mai fenti da kowa ke kira Baba Buroshi. Ya yi zamaninsa a kan tsani, yana shafe gidajen mutane ciki da waje, har gwiwa ta ce masa ta gaji. Sai ya sauko ya buɗe ɗan shago a gaban gidansa, yana sayar da fenti da buroshi. A ƙofar shagon akwai wani dogon benci na ƙarfe, mai nauyin gaske, wanda ya sha shafi iri-iri har ba wanda ya tuna kalarsa ta asali.

Baba Buroshi ba ya zagi, ba ya rowa, amma yana da abin alfahari guda ɗaya. Yakan ce tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa buɗe baki ya ce "ban sani ba" ba. Matarsa, wadda yaran layin ke kira Iya, takan ce ita shaida ce, domin a gabanta wani baƙo ya taɓa tambayarsa hanyar wani wuri da bai taɓa jin sunansa ba, ya kwatanta masa tsaf har da inda zai sha kwana, kuma har yau ba a ji labarin bawan Allahn nan ba.

To, yana da jika, 'yar 'yarsa, yarinya mai ido a tsaye wadda tambaya ta yi wa yawa har aka laƙaba mata suna Me-ya-sa. In ta tambayi uwarta, uwar ta ce je ki tambayi babanki. In ta tambayi baban, ya ɗaga mata hannu ya ce ba ki ga ina waya ba? Saboda haka kullum aka taso makaranta sai ta zarce shagon kakanta, ta haye bencin nan, ta ajiye jaka, ta fara.

Ta tambaye shi me ya sa sama take shuɗiya. Ya ɗaga kai ya ƙanƙance ido irin na wanda ke duba aikin wani, ya ce fenti ne, shi da ya tsufa a sana'ar ba a ɓoye masa. Ta ce to me ya sa take yin ja da yamma? Ya ce rana ce ta gasa shafin sama, jan da aka fara sawa a ƙasa ya leƙo. Bakan gizo fa? Ya ce ai wannan ko yaro ya gane, ruwan sama ne ya wanko kalolin suka zubo tare. Ganye in ya yi rawaya, fenti ne ya koɗe. Jinjiri in aka haife shi jawur, shafin farko ne, na biyu yana tafe.

Yarinya ta je ta ba ƙawayenta labari. Kafin a jima bencin ya cika da yara, har wasu na zama a kan gwangwanaye. Iyaye kuwa suka samu sauƙi. Duk yaron da ya buɗe baki a gida ya ce "me ya sa", kafin ya ƙarasa an nuna masa hanyar shagon fenti. Ba wanda ya taɓa zuwa ya ji abin da ake gaya musu, tunda dai gida ya yi shiru. Shi kuwa tsoho, ko da bai faɗa ba, tun hantsi yake fara duban hanya. In ya hango jikar tasa da zugarta, sai ya gyara hula, ya ce, "Ga uwar ɗakina nan tafe da rundunarta." Ita kuma ta ce, "Tsoho, yau na zo maka da mai wuya."

Tela ne kawai ke jin komai, domin bango ɗaya ya raba su. Abokin faɗan Baba Buroshi ne tun suna samari, kuma ƙaramin ɗansa yana cikin 'yan benci. Yakan leƙo da allura a baki ya ce, "Farfesa, yau me aka shafe?" Baba Buroshi ya ce masa wanda aikinsa ɗinke tsumma ba ya shiga maganar masana.

Ana nan sai aka kawo wa su Me-ya-sa sabuwar malamar kimiyya. Ran nan a aji malamar ta tambayi abin da ke sa gashi ya yi fari, yarinyar ta ɗaga hannu ta ce fentinsa ne yake ƙarewa, kakanta ne ya faɗa, kuma kakanta ya fi littafi sani. Aji ya kwashe da dariya. Malamar ba ta yi dariya ba. Ta ce musu duk babban da ya ba su amsa su gode masa da ladabi, sannan su je su gwada su gani.

Wannan "ku gwada ku gani" ita ta hana layin nan zaman lafiya.

Tela yana da al'adar ɗan rintsawa da rana a kan kujerar ɗinki, baki buɗe, gemu a sama. Gemun nan ya yi fari fat. Ɗansa mai tausayi ya samo ragowar fenti a gindin wani gwangwani, bai sami baƙi ba, sai kore. Tela ya farka, ya karɓi wata mata da ta zo karɓar ɗinki, ya ga tana magana tana kallon ƙasa kafaɗunta na rawa. Sai da ya duba madubin gwajin kaya ya gane. Ya fito riƙe da gemu ya tsaya a kan Baba Buroshi.

Baba Buroshi ya dube shi da kyau, ya ce yaron yana da hannu, ko ɗigo bai yi a riga ba. Ya ƙara da cewa maganarsa ta tabbata, tunda ga shi farin ya tafi.

Bayan kwana biyu aka tambaye shi me ya sa tattabara take tashi sama amma kaza ba ta iyawa. Ya ce fentin kaza ya yi kauri, shi ke danne ta. Da yamma Iya ta fito tsakar gida ta tarar an kama kajinta an yi musu wanka da sabulu da soso, ana hawa katanga ana sako su ɗaya bayan ɗaya. Ba wadda ta tashi sama. Ɗaya dai ta yi iya ƙoƙarinta, ta tsallake katanga, ta faɗa ta tagar tela, ta sauka jiƙe sharkaf a kan farin yadin da ya shimfiɗa zai yanka. Da aka zo wa Baba Buroshi da ƙara, ya ce sabulu ba ya fitar da fentin mai, sai an sa kananzir. Iya ta ce duk wanda ya kusanci kazarta da kananzir, shi da wanda ya aiko shi za su kwana a shago.

Sai babbar tambaya ta zo. Me-ya-sa ta ga hoton wani ƙaton jirgin ruwa a littafinsu. Ta ce, "Kaka, jirgin nan ƙarfe ne, ƙusa ma ƙarfe ce. Me ya sa ƙusa take nutsewa, shi kuwa ga girma ga kaya amma yana sama?"

Tsoho ya karɓi littafin ya nisanta shi da ido. A gaskiya bai taɓa tunanin abin ba. Sai ya ga gindin jirgin ja ne, samansa fari. Ransa ya yi sanyi.

"Kin taɓa ganin an yi wa ƙusa fenti?"

"A'a."

"Kin taɓa ganin jirgi ba fenti?"

"A'a."

"To, kin ba kanki amsa."

Kashegari duk wata ganga da bokiti da tankin ruwa a layin sai da ya karɓi baƙo. Aka shafe cokula aka jefa. Aka shafe makullin gidan wani, aka shafe guduma daga gareji. Babban almakashin tela ya sha ragowar koren nan ya tafi gindin ganga. Me-ya-sa kuwa, da yake ita ce ta fi kowa yarda da kakanta, ba ta ɗauki ƙaramin abu ba. Wayar babanta ta shafe da shuɗi, ta sa a bahon wanki, ta tsuguna tana jira ta taso.

Da la'asar ƙofar shago ta cika da iyaye. Waɗanda ba su taɓa zuwa jin amsa ba, yau duk sun zo jin dalili. Tela ya miƙa almakashinsa yana ɗigar ruwa. Baba Buroshi ya jujjuya shi, ya karce da farce, ya ce ga matsalar nan: shafi ɗaya aka yi, kuma ba a bari ya sha iska ba. Ya duba cokula ya ce wannan fentin ruwa ne, ba na mai ba. Ya ce aikin fenti ba wasan yara ba ne, in da kowa zai iya da ba a biyan masu yi.

'Yarsa, uwar Me-ya-sa, ta bari hayaniya ta lafa, sannan ta durƙusa kusa da shi, ta yi magana ƙasa-ƙasa kamar yadda ta saba. Ta ce mijinta bai ce komai ba, kuma shirun nasa ya fi faɗa. Ta ce a makaranta an fara kiran yarinyar 'yar fenti. "Baba, don Allah ka ce mata ba ka sani ba, magana ta wuce. In ba haka ba, ni dai daga makaranta sai gida, ba za ta ƙara zuwa shago ba." Sauran iyaye suka ce su ma haka.

Tsoho ya dubi bencin, ya dubi jikarsa da ke laɓe bayan uwarta da shuɗin fenti har gwiwar hannu. Hanya mai sauƙi tana gabansa, kalma uku ce kacal. Sai ya miƙe ya gyara hula, ya sanar cewa ranar da ba makaranta kowa ya hallara a bakin tafkin bayan gareji. Zai shafe bencin nan da hannunsa yadda ake yi, ya zauna a kai, ya ƙetare ruwa. In ya ƙetare, yara su ci gaba da zuwa. In bai ƙetare ba, a kwashe su.

Tela ya ce ko ɗinkin biki gare shi zai ajiye ya zo.

Baba Buroshi ya rufe ciniki ya kama aiki. Ya sa ja a ƙasa kamar na jirgin hoto, ya sa fari a sama, ya ga bai gamsu ba ya ƙara, ya sake ƙarawa. Duk lokacin da wani abu ya ce masa a zuci anya kuwa, sai ya mayar masa da amsa da wani shafin. Har safiyar ranar yana shafawa. Bencin ya yi ƙiba, yana ƙyalli kamar an zuba masa mai. Iya ta fito ta tsaya ta riƙe ƙugu, ta tambaye shi ko ya bushe. Ya taɓa da kan yatsa, ya nuna mata yatsan fes, ya ce mace da ba ta taɓa riƙe buroshi ba ita ce za ta koya masa bushewa? Iya ta juya. Ta koma ciki ta ɗauko tsohon bahon wankinta na ƙarfe, wanda tsatsa ta cinye fentinsa tun kafin a aurar da 'yarsu, ta ninke tawul da wando da riga ta zuba a ciki.

Shi kuwa tsoho ya sa fararen kayansa na fita, ya zauna daram a tsakiyar benci, ya ce masu gareji su ɗauke shi a haka. Ƙarti suka cicciɓe shi suna nishi, yara na biye, mata na leƙe ta ƙofa, shi kuwa yana ɗaga hannu hagu da dama. Bakin tafki ya cika. Har malamar kimiyya ta zo ta tsaya a baya da lema, domin yara sun gaya mata za a gwada a gani.

Tafkin ba wani zurfi gare shi ba, in babba ya tsaya iyakarsa ƙirji, sai dai gindinsa laka ce. Masu gareji suka shiga da shi har ruwa ya kai musu ciki, suka tallafe bencin daidai fuskar ruwa. Baba Buroshi ya yi ɗan jawabi a kan darajar sana'a da illar jahilci, yana duban tela. Sannan ya ce su saki.

Suka ce, "Baba, mu saki?"

Ya ce, "In kun ji tsoro ku matsa, kada igiyar ruwan ta buge ku."

Suka saki.

Bencin bai yi ko shawara ba. Ya tafi ƙasa a miƙe da mai shi, ƙafafunsa suka nutse a laka, ruwa ya tsaya wa tsoho daidai haɓa. Hularsa ta rabu da kai ta kama hanyarta a kan ruwa, tana juyi a hankali.

Sai muryar tela: "Farfesa, hular wane fenti ka sa mata? Ita ta kama hanya."

Baba Buroshi ya ɗaga haɓa ya ce kowa ya kwantar da hankali, fenti yana ɗaukar lokaci kafin ya saba da ruwa, yanzu zai taso. Aka jira. Wani kwaɗo ya zo ya duba shi ya wuce. 'Yarsa ta ce Baba ka taso haka nan, sanyi zai kama ka. Ya ce to, zai taso, ba don komai ba sai don ya duba ƙafar bencin ta baya, yana zargin masu gareji sun goge ta da hannu. Ya yunƙura. Bai tashi ba. Ya sake yunƙurawa, ruwa ya yi ƙwal-ƙwal, yana nan inda yake. Fentin da ya bushe a sama ɗanye ne a ciki, kuma tun daga ƙofar shago ya riƙe wando da bayan riga riƙon tsakani da Allah.

Masu gareji suka ja shi ta hannu, benci ya ce tare muke. Suka ja benci, laka ta ce ba inda za shi. Tela ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando, ya shiga ruwa da koren almakashinsa a sama, gemunsa ma har yanzu da sauran kore. Ya ce shekara da shekaru yana jiran ranar da zai yi wa mutumin nan aiki kyauta. Ya laluba cikin ruwa yana yanka, yana tambaya ko a bar masa aljihu.

Da aka gama yanka sai wata matsalar ta taso, domin abin da ya rage a jikin tsoho na gaba ne kawai, ga kuma rabin unguwa a bakin ruwa. Ya ce shi ba zai fito ba. A nan Iya ta matso bakin tafki, ta ɗora bahonta a kan ruwa, ta tura shi da ƙafa.

Bahon nan, mai tsatsa, mai lanƙwasasshen baki, wanda ba ɗigon fenti a jikinsa, ya taho a kan ruwa yana rangaji da tawul da wando da riga a cikinsa, ko jiƙewa ba su yi ba. Ya zo ya daki Baba Buroshi a goshi a hankali ya tsaya. Idon kowa na kansa.

Me-ya-sa ta matso har ruwa ya taɓa takalminta. Ba dariya take yi ba, abin ya dame ta da gaske.

"Kaka, bahon Iya ƙarfe ne. Ba shi da fenti. Me ya sa bai nutse ba?"

Tsoho ya buɗe baki. Ya fara cewa ai akwai wani irin fenti da ido ba ya gani, sai ruwa ya shiga bakin. Ya tofar, ya yi tari. Ya dubi yarinyar, ya ga tana jira, kuma ya san duk abin da ya faɗa za ta ɗauka ta kai aji, ta kai gida, ta gwada shi a kan wani abin babanta. Ya dubi bahon. Ya yi wata magana ciki-ciki.

Tela ya sa hannu a kunne ya ce ruwa ya shiga masa, bai ji ba.

"Na ce ban sani ba."

Iya ta ce a rubuta ranar. Tela ya ce a'a, a bar shi ya maimaita, akwai na baya da ba su ji ba.

Amma yara ba su tsaya jin wannan ba. Tunda Kaka bai sani ba, sai su nema. Kafin tsoho ya gama ɗaura tawul a cikin ruwa, sun ruga shago sun kwaso gwangwanayen fenti da suka ƙare. Suka sa ɗaya a ruwa, ya tsaya a sama. Suka cika shi da ruwa, ya nutse. Ɗan tela ya taka wani da dutse har ya zama faifai, ya jefa, ya tafi ƙasa kamar ƙusa. Me-ya-sa ta danna wani gwangwanin da tafin hannu, ta ji ruwa yana turo shi sama, ta kira kakanta ta ce ya zo ya ji, ashe ba fentin ba ne, ramin cikin ne. Malamar ta tsuguna a gefensu ta ce haka ne: abu mai faɗi da rami a ciki yana ture ruwa mai yawa gefe, ruwan kuma yana turo shi sama, in ruwan da ya ture ya kai nauyinsa sai ya tsaya. Benci kuwa duk nauyi ne, ba ciki.

Baba Buroshi ya fito yana ɗiga, ya danna gwangwanin shi ma. Ya danna ya saki, ya danna ya saki. Ya daɗe yana yi.

'Yarsa ta tsaya tana kallonsu, tsoho da yara, kai a haɗe a kan gwangwani. Sharaɗi dai ya faɗi, benci bai ƙetare ba. Ta ce wa uwarta a hankali, gobe yarinyar ta biya shago in an taso, amma a ɓoye fenti.

Bencin yana gindin tafki har yau, in ruwa ya ja baya ana hango farin bayansa da guntun wando manne. Yara kuwa suka dawo, suna zama a kan gwangwanaye. In suka kawo tambaya, tsoho ya gyara hula, ya ce bai sani ba da ƙarfi yadda tela zai ji, sannan a ɗauko baho ko madubi ko kyandir a gwada.

Sai dai hali ba ya nutsewa da benci. Ba a yi wata guda ba aka ji shi yana gaya wa wani mai sayen buroshi cewa duk faɗin garin nan, a tara malamai da likitoci, ba wanda ya kai shi iya cewa "ban sani ba", kuma shi ya fara kawo ta layin.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera. Na shafa muku ita daidai gwargwado, sai ku bari ta bushe kafin ku zauna a kai.